Baba Ƙararrawa Zai Zo Ranar Litinin

Dubeli, Jimeta.

Zuwa ga uwata Dija,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe wannan takarda cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ki gidan Goggonki a Yola Gari lami lafiya, Ya tsare ki daga sharrin mutum da na aljan da na 'yan Keken nan da suke ɗaukar titin Yola kamar gadon ubansu.

Na san dariya za ki fara yi in kin tsinci takardar a ƙasan jakarki. Mutum yana Dubeli, 'yarsa za ta koma Yola Gari, inda in na yi atishawa da ƙarfi Goggonki za ta amsa mini, wai har da wasiƙa. To, yi dariyarki ki gama. Dalilina shi ne, duk ranar da na buɗe baki zan yi magana mai nauyi a gidan nan, kafin in kai tsakiya ke da Innarki da ƙannenki kun fara murmushi, kuna jiran inda abin dariyar zai ɓullo. Ni na saba muku da haka, ba laifinku ba ne. Takarda kuwa ba ta da fuskata. Ki yi haƙuri da rubutun. A aji biyar ni da boko muka yi sallama, kuma shi ya fara miƙo hannu.

Ranar Alhamis da na ce muku zan je sayen ƙarfe, ba ƙarfe na je saye ba. Babbar rigata ta Juma'a na naɗe a leda, na saka ta a shago, na hau Keke zuwa makarantar nazaren da aka ba ki shugabancin malamanta. Wai zan je in duba ko wurin ya dace da 'yar mai walda. Maigadi ya ce, "Baba, wa ake nema?" Na gyara hula na ce, "Ni ne uban sabuwar hedimistires." Kuma ba a hankali na faɗa ba. Ya ce in jira a baranda ya ɗauko mini kujerar manya. Na ce ba komai, mu mutanen ilimi ko'ina muka samu zama muke. Na janyo wata 'yar jar kujerar roba ta yara, mai hannuwa, na zauna.

Uwata, shiga dai na shiga. Da na tashi, kujera ta ce tare za mu tashi. Ana haka aka sako yara shan iska. Wani ɗan mitsitsi ya nuna ni ya ce, "Anti, Kaka ya yi wutsiya!" Maigadi ya ja ta baya, riga ta ce kyat. Ina juyawa, kujera tana bina, yara suna bin kujera. Sai wata malama mai 'yar furfura a gefen ɗankwali ta fito. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗan tafa hannu a hankali, yara suka koma bayanta kamar 'yan tsaki. Ta ce mini, "Baba, sunkuya, ka saki numfashi." Na sunkuya, ta murɗa kujerar gefe, ta cire. Sannan ta dubi fuskata da kyau.

Ta ce, "A'a. Baba Ƙararrawa. Sannu da zuwa."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ni kuma, gwanin magana na Dubeli duka, na ce, "Yawwa, sannu, ya aiki," na tattare yagaggiyar rigata na nufi ƙofa.

Sunanta Malama Rifkatu. Daga ranar Litinin tana ƙarƙashinki, kuma saboda bakina ta riga ta san 'yar wane ce ke. Don haka dole ki san abin da ke tsakanina da ita.

Kina makarantar kwana shekarar da mutanen Mubi da Michika da Madagali suka yi gudun hijira suka cika garin nan, shi ya sa rabin labarin kawai kika sani, rabin da nake fitowa da kyau a ciki. Kin dai tuna da kika dawo hutu kika tarar ɗakinki cike da mata da jarirai, kika koma kwana kusa da buhun masara kina kumbura baki. Kowane gida a unguwar nan haka yake. Manya suna zaune jugum, kunne a rediyo. Ƙanana kuwa, waɗanda ba su isa firamare ba, suna gararamba a lungu, wasu ko magana sun daina. Mai unguwa, Allah Ya jiƙansa, ya ce a riƙa tara su wuri ɗaya da safe. Ni na ba da filin bayan shagona, na kafa rumfar kwano, na haɗa benci. Da aka zo maganar wa zai shugabanci abin, sai aka dubi mai rumfa. Ban ce a'a ba. Kafin la'asar na riga na sanar a shago cewa an daina ce mini Oga, an koma Hedimasta.

Mata uku aka ba ni. Zainabu ta unguwar Limawa, wadda ta gama sakandare. Adda Nenne, dattijuwar Bafulatana mai wanke yara da lallashinsu. Sai Malama Rifkatu, wadda ita ma gudun ne ya kawo ta daga wajen Michika, kuma can ajin ƙanana take koyarwa tun kafin abin ya faru. Wato a cikinmu akwai wanda ya san aikin, akwai wanda ya riƙe muƙamin, kuma ba mutum ɗaya ba ne.

Ke alhamdu lillahi kina da takarda, kin kuma yi shekarunki a aji. Amma kada wannan ya ruɗe ki. Kin san aikin, ba ki san gidan ba tukuna. Makonninki na farko ki mayar da su na kallo da tambaya. In kika ga tulu a wurin da bai dace ba, kada ki ce a ɗauke sai kin ji dalilin da ya sa aka ajiye shi nan. Wataƙila a nan ne kaɗai gajeren cikinsu yake iya kaiwa.

Abin da na iya tunawa game da makaranta, a ɗan zaman da na yi cikinta, abu biyu ne: bulala da ƙararrawa. Bulala, Innarki ta ce in na kai ta rumfar nan kada in dawo mata gida. Saura ƙararrawa. Na samo tsohon wilin mota, na goge shi, na yi masa marataya, na rataye shi a bishiyar dogonyaro, na yanko guntun rodi na bugawa. In ba ki manta ba, ni ba na yin aiki rabi. Wilin nan in aka taɓa shi, har bakin kasuwa ana ji.

Ana gobe za a buɗe na tara malamaina, wai taro. Ni na buɗe, ni na yi jawabi, ni na ba da shawara, ni na karɓi shawarar. Malama Rifkatu ta samu 'yar kafa ta ce, "Baba, wannan ƙarfe, yaran nan ba za su so ƙararsa ba." Na ce, "Malama, makarantar da ba ƙararrawa ai gidan suna ne." Na juya wajen Adda Nenne, don in nuna ni ma surukin Fulani ne, na ce, "Adda, a nani?" Wato kin ji? Ta kawar da kai ta ce, "Mi nanay." Ni kuwa "mi nani" kunnena ya ɗauko. Na farko ban ji ba ne, na biyu na ji. Shekara da shekaru ina auren Bafulatana, amma kunnena bai taɓa rabe su ba, don amsa ɗaya kawai yake nema. Na ce, "Madalla, kowa ya yarda," na rufe taro da addu'a.

To ki ji. In kika tara malamanki kika ga ke kaɗai kike magana, ba taro kike ba, wa'azi kike. Ki bar su su fara, ke ki zo ƙarshe. Wadda ta yi shiru ki bi ta bayan an tashi, ki same ta ita kaɗai. Kuma in wata ta ce miki abu ba zai yiwu ba, kada ki nemi amsa mai daɗin faɗa irin tawa. Ki ce mata, "Me kika gani?" Da na yi wannan 'yar tambayar, da yau ba na zaune ina ɓata takarda.

Da safe iyaye suka kawo yara, rumfa ta cika. Na tsaya ƙarƙashin dogonyaro, na naɗe hannun riga, na ɗaga rodi, na sauke.

Har yau in na rufe ido ina ganin abin. Ba kuka suka fara yi ba, da kuka ne da sauƙi. Zubewa suka yi. Wasu suka kwanta rub da ciki suka rufe kai, wasu suka cusa kansu ƙarƙashin benci, babu mai ko tari. An koya musu haka a hanya. Wata 'yar yarinya ta fita da gudu, sai can wajen masu kayan miya aka kamo ta. Matan da ke gidajen maƙwabta suka fito da goyo da ƙullin kaya a ka, suna tambayar ta ina suka shigo. Ni kuma ina tsaye da rodi a hannu kamar gunki. Tun ranar sunan Hedimasta ya mutu, Baba Ƙararrawa ya maye gurbinsa.

Mai hankali a ranar zai sauke wilin. Ubanki ya ce za su saba. Na rage ƙarfin bugun, wai gyara ke nan. Kullum in buga, kullum yara su ragu. Na san na yi kuskure tun bugun farko, amma na ga in na sauke, matan nan za su ce Malama ce ta yi gaskiya. Ki duba fa: na gwammace yara su firgita da a ce wata ta fi ni sani. Uwata, za ki yi kuskure, wannan ba makawa. Ki sauke shi ran da kika gane, da hannunki, malamanki suna kallo. Kunyar yini ɗaya ce. Tawa ga ta nan har na yi furfura tana bina.

Wata safiya aiki ya riƙe ni a kasuwa, ban dawo da wuri ba. Ina isowa na tarar rumfa ta cika maƙil, har da yaran da suka daina zuwa. Malama Rifkatu tana zaune a ƙasa kan tabarma, ta miƙe ƙafa, tana tafa hannu a hankali, tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya cikin wata 'yar murya kamar mai lallashin jariri. Wanda ya ji sunansa sai ya matso ya zauna ya kama tafi. Ashe duk ran da ba na nan haka suke yi. Ga mai unguwa a tsaye da wasu iyaye suna kallo. Ya juyo ya ce mini, "Malam Garba, ka ga ikon Allah? Wannan baiwar Allah ita ce makarantar nan."

Maimakon in ji daɗi, sai na ji kamar an zuba mini tartsatsin walda a cikin riga. Na fara da cewa malami ba ya zama a ƙasa, raini yake jawowa. Ba wanda ya kula ni. Sai na nemo abin da na fi iyawa, wato in sa mutane dariya. Na ɗaga murya na ce, "Malama, in da tafi yana tara yara, ai da babu wanda ya bar nasa a daji."

Na tsaya ina jiran dariya. Ba ta zo ba. Zainabu ta rufe baki da mayafi. Mai unguwa ya sunkuyar da kai. Malama Rifkatu ta sauke yarinyar da ke cinyarta a hankali, ta tashi, ta gyara zani. Ta ce, "Baba, na ji." Ta fita.

Adda Nenne ce ta ja ni gefe. Yau kam da Hausa ta yi mini, don kada kunnena ya sake zaɓen abin da yake so. Ta ce, "Kai ba ka da kunne, ashe ido ma babu? Ɗanta ya ɓace a dutse ranar gudu. Harbi ya tashi, hannunsa ya zame daga nata. Kullum in an tashi nan, tasha take zuwa tana duba motoci. Kowa ya sani sai kai."

Kowa ya sani sai ni. Ni ne shugabanta. Na san ƙarfe nawa take zuwa, na san ranar da ta makara, amma ban taɓa cewa, "Malama, ya kika baro gida? Ina yara?" ba.

Nan nake so ki tsaya ki sake karantawa. Malamanki ba hannuwa ba ne da aka ba ki aro. Kowacce da abin da ta baro a gida kafin ta zo ta share majinar 'ya'yan wasu tana murmushi. Ki san wadda mijinta yake kwance, da wadda take shayarwa, da wadda sai ta hau Keke biyu kafin ta iso. Ba don gulma ba, don ki san inda za ki taka. In za ki gyara wa malama, ki kira ta ofis ki rufe ƙofa. Ba a gaban yara ba, ba a gaban iyaye ba, ko da iyayen ne suka zo da faɗa. Ranar nan ma gabanta za ki tsaya ki kare ta, a gama da ke, sannan ku yi taku maganar a ciki. In an yabi wata a gabanki, ki ƙara mata da naki yabon, domin aikinki ne yake kyau. Sannan, uwata, kin gaji bakina, na sani, tun kina ƙarama kike sa Goggonki ƙwarewa da dariya. Wasan da abokiyar aiki za ta yi a wuce, in ya fito daga bakin shugaba nauyinsa daban ne. In dole sai kin yi wa wani dariya, ki yi wa kanki. Ko ki yi wa ubanki, akwai kaya isasshe.

Ya kamata a ce a ranar na bi ta. Na ce sai gobe, in zuciyarta ta huce. Gobe ta zo na ce sai na samo kalmar da ta dace. Ina neman kalma aka kwashe ta da wasu zuwa sansanin 'yan gudun hijira, daga nan ban sake jin ɗuriyarta ba, kuma gaskiya ban nema da ƙarfi ba. Zainabu da Adda Nenne suka ci gaba da tara yara da tafi har mutane suka fara komawa garuruwansu. Wilin kuwa na sauke shi, na yi masa ƙafafu, na mayar da shi murhu. Eh, shi ne dai wanda Innarki take ɗora tukunyar tuwo a kai. Kin ci daga kansa ba sau ɗaya ba. Shi ne aikin kirki na farko da ya yi.

Yanzu ga inda ya shafe ki. Da zan fita ranar Alhamis, maigadi ya raka ni yana ba ni haƙurin riga. A bakinsa na ji cewa tun da tsohuwar shugaba ta tafi, Malama Rifkatu ce take riƙe da makarantar, kuma sauran malamai ita suke kallo kafin su motsa. Ke aka ba kujerar saboda takardarki ta fi tata. Ba laifinki ba ne, ba kuma abin kunya ba ne. Amma ki auna: mace ta riƙe gida, aka kawo mata yarinya sa'ar 'yarta a sama da ita, sannan ta gano yarinyar 'yar Baba Ƙararrawa ce. In ta ɗauki jakarta ta tafi, ba zan ga laifinta ba. In kuwa ta tafi, za ki zauna a ofis mai kyau da makarantar da ba ta da rai. Na taɓa zama a irinta.

Saboda haka kada ki bari ta tafi. Ba da lallaɓa ba, ba da tsoro ba. Kada ki riƙa sunne kai a gabanta don kunyar abin da na yi, ba ke kika yi ba. Kada kuma ki ɗaure fuska don ki nuna ke ce shugaba, takardar ɗaukarki ta riga ta faɗi wannan. Ki gaishe ta gaisuwar uwa, ki yi aiki da ita aikin shugaba. Ki ce ta zaga da ke aji aji. Abin da ta fi ki sani ki ce ta fi ki, a gaban sauran. Inda kuma kika ga gyara, ki faɗa mata kai tsaye ku biyu. Wannan ma girmamawa ce, kuma mace irinta za ta gane.

Saura nawa. Wannan kaya ni na ɗaura shi, ba zan bari ki shiga sabon aiki da shi a ka ba. A gaban mutane na yi mata, a gaban mutane zan ba ta haƙuri. Mai unguwa ya riga mu gidan gaskiya, amma na je Limawa na samu Zainabu, ta ce za ta zo. Adda Nenne ƙafa ta yi nauyi, na ce zan ɗauko ta a Keke. Ta dube ni ta ce, "Sai yanzu?" Na ce sai yanzu. Ta ce, "Mi nani." Na sa ta maimaita, don in tabbata.

Ga roƙona, kuma ba a matsayin uba nake yi ba, a matsayin mai neman izinin shiga makarantarki. Ranar Litinin, bayan kun gaisa, ki same ta ita kaɗai ki ce, "Babana yana bakin ƙofa, yana so ya ba ki haƙuri a gaban malamai. Kin yarda ya shigo?" In ta ce a'a, hakkinta ne. Ki turo maigadi ya gaya mini, in juya da shaiduna, kuma kada fuskarki ta canja mata ko kaɗan. In ta ce to, zan shigo bayan an tashi yara. Na yi alkawari ba zan sa kowa dariya ba, ko da abin dariyar ya zo har bakina.

Ba haƙuri kaɗai take bina ba. Akwai tambayar da ya kamata in yi mata tun a rumfa. Uwata, har yau ban san ko an ga yaron nan ba. Ko sunansa ban sani ba. Matar da ta zauna a bayan shagona tana kiran sunan ɗan kowa, ban taɓa tambayar sunan nata ɗan ba. Zan tambaya. Duk amsar da ta ba ni, zan tsaya in ji ta har ƙarshe.

Allah Ya yi miki albarka. Ya ba ki kunnen da ubanki bai samu da wuri ba. Ya tsare ki fita da shiga, Ya tsare yaran da aka damƙa miki da matan da za ku yi aiki tare, Ya sa kada ƙasar nan ta sake ganin ranar da yaro zai ji ƙarar ƙarfe ya kwanta a ƙasa. Ki gaida Goggonki, ki ce mata labarin riga ya tsaya tsakaninmu.

Ni ne babanki,
Garba mai walda.

Af, na manta. In ta yarda in shigo, kada a ɗauko mini kujera, babba ko ƙarama. A shimfiɗa tabarma. A ƙasa zan zauna.